Sai Bango Ya Tsage: Dalilan Lalata da Ƙananan Yara

Idan aka kama mutum ya yi lalata da ƙaramar yarinya ko ƙaramin yaro, aka gurfanar da shi gaban mai unguwa ko 'yan sanda, abin da ya fi saurin fitowa daga bakinsa shi ne, sharrin Shaiɗan ne. Jama'ar da suka taru kuwa sai su kasu. Wasu su ce ai mahaukaci ne, don mai hankali ba ya aikata haka. Wasu su ce ƙwaya ce ta ɗebe shi. Wasu kuma, musamman idan mutumin mai abin hannu ne ko mai neman wani muƙami, su ce boka ne ya gindaya masa sharaɗi. Daga Gusau har Sakkwato, daga Kano har Maraɗi, waɗannan amsoshi ake ji, an kuwa daɗe ana jin su har sun zama kamar karatun allo. Abin lura game da su shi ne, dukansu suna ɗauke laifin ne daga cikin gari su kai shi wani wuri mai nisa, watau wurin aljan, ko gidan mahaukata, ko bukkar boka. Da zarar an furta su sai hankali ya kwanta, kowa ya koma gida yana ganin abin ba zai taɓa aukuwa a zaurensa ba.

Girman matsalar ya fi ƙarfin waɗannan amsoshi. A 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, da taimakon UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya game da cin zarafin yara. Abin da aka samu shi ne, a cikin 'yan mata huɗu an yi wa ɗaya wani nau'i na lalata kafin ta cika shekara 18, a cikin yara maza goma kuma an yi wa ɗaya. Waɗanda suka sami wani taimako bayan abin ya faru ba su kai 5 cikin 100 ba. Har ila yau binciken ya nuna cewa galibin masu aikata laifin mutane ne da yaran suka sani. Babu ƙasar da take da mahaukata ko matsafa masu yawan da za su iya wannan ɓarna. Tilas a yarda cewa mafi yawan masu yi mutane ne da ake sallah sahu ɗaya da su, ake cin tuwo akushi ɗaya da su.

Turawa ma sun daɗe suna bin wannan hanya ta neman dodo a wajen gari. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya fito da ra'ayin cewa haihuwar mai laifi ake yi, har ana iya gane shi ta siffar ƙoƙon kansa da muƙamuƙinsa da kunnuwansa. An yi shekaru ana auna kawunan fursunoni kafin a tabbatar babu komai a cikin zancen. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya faru da Sigmund Freud a birnin Viyana. A 1896 ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci cewa ciwon da ke damun wasu marasa lafiyarsa ya samo asali ne daga lalatar da manya suka yi musu tun suna yara. Shekara ɗaya bayan haka, a 1897, sai ya janye, ya koma cewa yawancin labaran ƙage ne na zuciya. Ko mene ne dalilinsa, sakamakon shi ne an shafe shekaru masu yawa likitoci a Turai da Amurka suna shakkar bakin yaro. Bahaushe bai karanta Freud ba, amma ya isa wannan matsaya ta tasa hanyar, inda yakan ce yaro man kaza ne, kuma maganar yaro ba a kafa hujja da ita.

Masana ilimin halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun tabbatar da cewa lalle akwai mutanen da sha'awarsu ta karkata ga yaran da ba su balaga ba, kuma wannan karkata takan fara bayyana tun suna samari, ta zauna da su. To amma binciken da aka yi a kan waɗanda aka kama ya nuna cewa masu irin wannan hali ba su wuce kimanin rabinsu ba. Sauran mutane ne masu sha'awar manyan mata kamar kowa, wasu ma da mata biyu ko uku a gida, yaro kawai ya fi musu sauƙin samu, ya fi sauƙin tsoratarwa, ya fi arahar rufe baki. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar da ake yawan yi cewa tsadar aure ce ke kawo fyaɗe. Tsadar aure matsala ce mai zaman kanta, amma magidanta da tsofaffi suna da yawa a cikin waɗanda ake kamawa. A ɗaya gefen kuma, ƙididdigar 'yan sandan Amurka da aka nazarta a 2009 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu wannan laifi a kan yara, su kansu ba su kai shekara 18 ba: yayye ne, da 'ya'yan maƙwabta, da manyan ɗalibai a ɗakin kwana.

Akwai kuma ra'ayin da ya yaɗu ƙwarai, cewa wanda aka yi wa shi ke yi wa wani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai an zuzuta shi. Wasu likitoci a birnin Landan sun bi sawun yara maza 224 da aka yi wa lalata har suka girma, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2003. Guda 26 ne kawai aka samu sun aikata irin laifin daga baya, watau kimanin 12 cikin 100. Abin da ya bambanta waɗannan da sauran shi ne rashin kulawa a gida, da rashin mai tsawatarwa, da tashi cikin gidan da ake duka da zage-zage. Wannan ya dace da abin da William Marshall da Howard Barbaree suka bayyana a 1990, cewa yaron da ya tashi ba tausayi ba tarbiyya yakan isa lokacin balaga bai koyi raba sha'awa da zalunci ba. Darasin da ke nan yana da kaifi biyu. Yaron da aka ɓata ba gurɓataccen iri ba ne da za a riƙa nuna shi da baki. Kuma wanda aka kama ba ya da damar fakewa da abin da aka yi masa yana ƙarami, tun da ga ɗaruruwa da aka yi wa ba su cuci kowa ba.

Bayanin da ya fi kowane amfani ga mai son fahimtar yadda abin ke faruwa shi ne na David Finkelhor, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda ya fito da shi a 1984. Ya ce sha'awar aikata laifin mataki ne na farko kawai. Bayanta sai mutum ya rinjayi zuciyarsa mai hana shi, sa'an nan ya tsallake shingen da jama'a suka kafa tsakaninsa da yaro, daga ƙarshe ya karya turjiyar yaron kansa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, laifin bai auku ba, ko da kuwa muguwar niyya tana nan daram.

Matakin rinjayar zuciya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne Shaiɗan da ƙwaya da boka suke da gurbi na gaskiya. Tun a 1957 Gresham Sykes da David Matza suka lura cewa masu laifi ba su jahilci dokar al'ummarsu ba, sun yarda da ita, sai dai suna da dabarun kashe muryarta na ɗan lokaci. Mutum ya ce ba yin kansa ba ne, an fi ƙarfinsa. Ko ya ce ai bai ji mata ciwo ba, yarinya ce, gobe za ta manta. Ko ya ce ita ta kawo kanta. Duk wanda ya san Hausa ya san al'ada ta riga ta tanadar masa waɗannan kalamai tun kafin ya buƙace su. Karin maganar nan da ke cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, an yi ta ne don a raba laifi tsakanin baligai biyu, amma sau nawa aka ɗora ta a kan 'yar shekara tara mai tiren gyaɗa? Musulmi bai musun waswasin Shaiɗan. Sai dai babu wani malami na kirki da ya taɓa karantar da cewa waswasi yana sauke alhaki, kuma babu alƙalin da ya taɓa sakin ɓarawon akuya don ya ambaci Iblis. Mai cewa boka ya sa shi kuwa, da ƙafarsa ya taka zuwa wurin bokan, da hankalinsa ya zaɓi yaron da ya san ba shi da mai tsaya masa.

Wannan zaɓi shi ya kawo zance ga masana ilimin laifuffuka. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka ce laifi yana aukuwa ne idan abu uku suka haɗu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya: mai niyya, da abin da ya dace da niyyarsa, da rashin mai tsaro. Bahaushe ya riga su da daɗewa, da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2000 Stephen Smallbone da Richard Wortley suka tattauna da fursunonin da aka ɗaure kan wannan laifi a jihar Kwinslan ta Ostareliya. Sun tarar da yawa daga cikinsu ba su fara ba sai da suka haura shekara 30, kusan duka sun san yaron tun da farko, kuma galibi abin ya faru ne a cikin gida, lokacin da aka bar musu amanar yaron. Ba farauta suka fita ba. Damar ce ta same su a zaune, suka ga babu ido, suka gwada, suka ga babu abin da ya biyo baya, suka maimaita.

To, ina bangon ya tsage a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun? Waɗannan garuruwa uku madatsar ruwa ta Bakolori ce ta ɗaure su wuri ɗaya tun da aka kammala ta a 1978. Noman rani yana jawo 'yan ƙwadago da 'yan sari da direbobin manyan motoci, ga kuma kasuwar Talata a kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Duk inda maza baƙi suka taru ana bukatar abinci, matar aure kuwa tana cikin kulle, saboda haka 'yarta ce ƙafarta. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya kacokan a wuyan yara, da yadda ribar talla ke tafiya wajen tara kayan ɗaki. Wannan tsari bai canja sosai ba a ƙauyuka. Amma a dubi yarinya mai talla da idon Cohen da Felson. Sana'arta ta wajabta mata amsa kiran kowane namiji, ta shiga shago, ta shiga kango, ta shiga zaure, ta jira a ba ta canji ko a maido mata kwano. Tana tsoron komawa gida da kwantai. Wanda ya ce zai saye duka ya riga ya karya rabin turjiyarta da kuɗin da bai kai na goro ba. Mai saurin zagin uwar da ta ɗora tallan ya fara tambayar abin da mai gidan ya bari na cefane. Haka nan almajiri ɗan shekara bakwai da ke kwana a rumfar kasuwa, ko yaron shago da ke kwana ɗaki ɗaya da ubangidansa, su ne ɗayan nan cikin goma da ba a son a ambata.

A kan wannan tsohuwar tsaga sai ta'addancin 'yan bindiga ya zo ya rushe bangon gaba ɗaya. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka auka wa Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Abin da ya shafi wannan batu shi ne abin da ya biyo baya. Gwamnati ta rufe makarantu, yara dubbai suka rasa wurin da babba ke kiran sunansu kowace safiya. Ƙauyuka sun watse, mata da marayu suka kwararo cikin gari suna kwana a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba. A ƙauye kowace tsohuwa ta san 'yar wane ce ta wuce, da inda ta nufa, da lokacin da ya kamata ta dawo. Wannan ido na kyauta, wanda babu gwamnatin da za ta iya biyan kuɗinsa, shi ne gudun hijira ya makantar. Yarinyar da ta zo gari baƙuwa, uba ya mutu, uwa ta fita bara, duk wanda ya miƙa mata kwanon tuwo ya zama mai iko a kanta. Fyaɗen da 'yan bindiga ke yi a daji kowa yana la'antarsa da babbar murya. Wanda ake yi wa 'yar gudun hijira a cikin gari, a hannun mai ba da sadaka, shi ne ba a cika jin labarinsa ba.

Rashin jin labarin nan shi ne ƙashin bayan al'amarin. Roland Summit, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya bayyana a 1983 yadda yaron da ake cuta yakan yi shiru, ya saba da abin don ya rayu, ya jinkirta faɗa, in ya faɗa ya ga gida ya rikice kuma sai ya janye maganarsa. Manya kuwa sai su ɗauki jinkirin da janyewar a matsayin shaidar ƙarya. A ƙasar Hausa an ƙara wa wannan nauyin kunya. An hori yaro kada ya musa wa babba, kada ya ɗaga ido ya dube shi, kada ya ambaci al'aura ko da sunanta. Tarbiyya ce mai kyau a wurare da yawa, amma mai mugun nufi ya san ta sarai, da ita yake aiki. Idan kuma magana ta fito, sai a kira dattawa, a ce a rufa asiri, a bar kaza cikin gashinta, don kada yarinya ta rasa mijin aure. A karɓi kuɗin magani, a yi addu'a, a watse. Asirin wa aka rufa? Yarinya dai unguwa duka ta riga ta sani. Wanda ya fita da rigarsa fara shi ne mutumin, ya kuwa koyi darasi guda, watau farashin abin bai fi ƙarfin aljihunsa ba.

Iyaye suna da dalilin jin tsoron hukuma, kuma Zamfara ta ga misalinsa. Bayan da Gwamna Ahmad Sani, ɗan Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairu 2000, sai a watan Satumba na 2000 wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata budurwa da ba ta kai shekara 18 ba hukuncin bulala 180, saboda an same ta da ciki ba aure. Ɗari na zina ne, tamanin kuma na ƙazafi, domin ta ambaci maza uku da ta ce su suka tilasta ta, suka musa, ita kuwa ba ta da shaidu. Daga baya aka janye tamanin ɗin, aka yi mata ɗari a watan Janairu 2001. Mazan ba abin da ya same su. Kotun ta dogara ne da ƙa'idar mazhabar Malikiyya da ke ɗaukar ciki a matsayin hujja a kan matar da ba ta da miji, sai in ta kawo alamar tilastawa. Amma a cikin mazhabar nan ɗaya akwai manyan malamai, irin su Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, da suka ɗauki ƙwace mutuncin mace da ƙarfi a matsayin hiraba, watau fashi, wanda tabbatar da shi ba ya bukatar shaidu huɗu. Akwai kuma ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha. Ƙofofin nan a buɗe suke, ba a bi ta cikinsu ba. Duk uwar da ta ji labarin Tsafe ta fahimci abu guda, cewa kai ƙara yana iya komawa kan 'yarta.

Tun daga lokacin dokoki sun ƙaru. Sashe na 282 na kundin Final Kod ya daɗe da ɗaukar saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba a matsayin fyaɗe, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. A watan Yuni 2020 gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a watan Satumba kuma Jihar Kaduna ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14. A 2022 Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, ya sa hannu a dokar kare yara ta Zamfara. Jama'a suna son jin hukunci mai tsanani, yana huce haushi. Sai dai tun 1764 Cesare Beccaria ya faɗi abin da bincike ya yi ta tabbatarwa daga baya, cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. A wannan laifi musamman, tsananin yana iya zama shi ne makullin bakin iyali. Matar da za ta iya kai ƙanen mijinta a ɗaure shi shekara goma, da wuya ta kai shi a kashe, sa'an nan ta ci gaba da zama gida ɗaya da uwarsa.

Saboda haka aikin da ya fi gaggawa yana matakai biyu na ƙarshe na Finkelhor, shingen jama'a da turjiyar yaro, domin su ne hannu ke iya kaiwa. Babu mai iya leƙa zuciyar maƙwabcinsa, amma mai unguwa yana iya hana 'yan talla shiga kango da ɗakin gwauro, shugaban tasha yana iya sa a tsayar da su a fili ɗaya, malamin tsangaya yana iya raba makwancin gardawa da na ƙolawa. Limamin da ya iya bayanin wankan janaba dalla-dalla a bainar jama'a ba ya da uzurin jin nauyin gaya wa iyaye su koya wa yaro cewa akwai wurin da ko kawunsa ba ya da izinin taɓawa. Dattawan sulhu kuma su san cewa filin gona da bashi ake sasantawa, wannan kuwa na alƙali ne. Cibiyoyi irin su Nana Khadija da aka buɗe a Sakkwato a 2020, da Waraka a Kano, sun nuna ana iya haɗa likita da mai ba da shawara da ɗan sanda a wuri ɗaya ba tare da an tozarta yaro ba. Amma duk wannan ya rataya ne a kan mutum na farko da yaron ya buɗe wa baki, wanda galibi uwa ce ko kaka ko yaya. Maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, shaidar da likita zai rubuta wa kotu ma tana gushewa da wanka da wankin tufafi. Taron dangi na a rufa asiri kuwa yakan ci fiye da kwana uku kafin a gama kiran baffanni.